Daga Allon Malam: Ƙara Famfo Ba Ya Ƙara Ruwa

A wannan watan za mu ɗan ajiye maganar aji da alli, mu shiga tsakar gida, saboda wata matsala da ta kusa raba zumunci a gidan da muke haya a nan Aboabo Namba Biyu. Matsalar kuwa ba ta kuɗin wuta ba ce, ba ta layin wanka ba ce, ba kuma ta kajin wani da suka shiga shanyar wani ba. Ta intanet ce. Abin ya ɗan kwana biyu, don a 2023 ya faru, amma har gobe ba mu rasa mai tare mu a ɗakin malamai ko a hanyar kasuwa ya ce, "Ticha, an ce kun ƙara rauta ta biyu a gidanku, gudun ya ninka kuwa?" To maimakon mu yi ta amsawa ɗai-ɗai, mun ga ya fi kyau mu baje labarin a nan, kowa ya ɗebi rabonsa.

Gidanmu irin gidajen zango ne da kowa ya sani: ƙofa ɗaya, zaure, ɗakuna 14 kewaye da tsakar gida, iyali 9. Ginin bulo ne da siminti, rufin kwano, ga babban tankin ruwa na roba a kan ƙarfe a tsakiya. Tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda cutar korona, kowa ya gane cewa intanet ta tashi daga abin 'yan gayu ta koma sahun ruwa da wuta. Da ita ake duba sakamakon BECE da WASSCE, da ita ake ganin makarantar da kwamfuta ta tura yaro, da ita ake cike takardar neman shiga KNUST, da ita kuma iyayenmu mata ke ganin fuskokin 'ya'yansu da ke Jamus da Amurka da Saudiyya. Sayen data a waya kowa da nasa kuwa, cin aljihu ne. Sai muka ce tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, bari mu haɗa kuɗi mu sayi rauta guda mai cin SIM, kowane ɗaki ya riƙa kawo kasonsa ƙarshen wata.

Ga wanda bai sani ba, rauta ita ce 'yar akwatin nan, wata da ƙahoni wata babu, wadda ke karɓo intanet daga kamfani ta watsa ta cikin gida ba tare da igiya ba. Abin da take watsawa shi yara ke kira waifai. Da muka sayo tamu, sai aka ajiye ta a falon Alhaji mai gida, kusa da zaure, a cikin kabad ɗin talabijin, don gudun ɓarayi da hannun yara. Mu 'yan ɗakunan gaba muka yi ta murna. Ba mu waiwayi na baya ba.

A can ƙuryar gida akwai wata Hajiya da mijinta ya rasu, mai sayar da koko da ƙosai da safe a bakin titi. 'Yarta tana ajin ƙarshe na sakandare, tana shirin WASSCE. Wata rana bayan sallar isha'i Hajiya ta yi mana sallama, ta ce, "Ticha, ina da magana. Kuɗin da nake bayarwa daidai yake da na kowa, ko ba haka ba?" Muka ce, "Haka ne, Hajiya." Ta ce, "To me ya sa 'yata sai ta fito zaure cikin dare kafin ta samu ta yi karatu? Sauro na cizonta, samari na wucewa suna yi mata magana. Jiya har wata ta tambaye ni wai wa take jira a bakin ƙofa. In abin na 'yan ɗakin gaba ne ku faɗa mini, in cire hannuna." Kunya ta kama mu, domin mu ne masu riƙe littafin kuɗin, kuma wata da watanni muna karɓar sidin baiwar Allah ba mu taɓa tambayar ko abin yana isa ɗakinta ba.

Aka kira taron gida. Samarin gida suka ce ai magani sauƙi ne, a sayo rauta ta biyu, gudun intanet zai ninka. Muka yarda ba tare da tambaya ba. Aka sayo, aka kai ta ɗakin Hajiya, aka saita ta ta riƙa kamo waifai daga ta farko ta iska tana sake watsawa. Aka duba waya, 'yan sandunan nan masu nuna ƙarfin sigina sun cika taf. Aka tafa. Amma da yarinya ta buɗe darasi, sai abu ya yi ta juyawa kamar dutsen niƙa, ba gari. Mu na gaba ma da muke cikin daɗi, namu ya fara tsaitsayawa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, ga kuɗin jama'a sun tafi.

Abin da famfo ya koya mana

Daga nan muka tuna da wani tsohon ɗalibinmu da ke gyaran kwamfuta a Adum. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma a wannan fage yaro ne a kan rimin. Ya zo ran Asabar, ya zaga gidan, bai taɓa ko rauta ɗaya ba, sai ya tsaya bakin famfo ya ce, "Malam, ku kuka koya mana lissafi. Ruwan da ke zuwa gidan nan daga Barekese ta bututu ɗaya yake shigowa. In kun ƙara kan famfo a bayan gida, ruwan ya ƙaru?" Muka ce a'a. Ya ce, "Amma Hajiya za ta huta da ɗaukar bokiti zuwa zaure, ko ba haka ba? To rauta ta biyu kan famfo ce, Malam, ba bututu ba ce. Ku kuma kun kafa kan famfo ba ku ja masa bututu ba."

Wannan ita ce maganar gaba ɗaya, kuma ita muke so mai karatu ya riƙe ko da ya manta sauran. Rauta ta biyu ba ta ƙara ko ɗigo a kan abin da kamfani ke turo maka. Aikinta shi ne ta kai abin da ya riga ya shigo gida zuwa ɗakin da ba ya kaiwa. Saboda haka ciwon intanet a gida iri biyu ne. Akwai na rashin shigowa, akwai na rashin isa. Rauta ta biyu tana maganin na biyu ne kawai. Wanda ciwonsa na farko ne, ko rauta goma ya jera, ya yi asarar kuɗinsa.

To me ke hana waifai isa? Waifai igiyar rediyo ce, 'yar'uwar wadda akwatin rediyonka ke kamawa, sai dai mai rauni ce ƙwarai. Tana tafiya a kan zango biyu da aka fi sani, gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Na 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, amma ya fi cunkoso da nawa. Na 5 ya fi sauri, amma bango biyu uku sun isa su karya shi. Kowane bangon siminti yana cin rabonsa, balle wanda aka zuba da rodi. Ƙarfe yana mayar da sigina baya, ruwa kuma yana shanye ta. Da muka ƙirga tsakanin kabad ɗin Alhaji da gadon Hajiya, muka samu bango biyar, ƙofar ƙarfe biyu, firji ɗaya, ga tankin ruwa a tsaye daidai kan hanya. Ashe gidajenmu na zango kamar don hana waifai aka gina su.

Dalilin faɗuwar dabararmu ta farko kuwa biyu ne. Na ɗaya, mun ajiye rauta ta biyu a inda sigina ta riga ta mutu, ba ta da abin da za ta maimaita sai gawa. Sandunan da suka cika a waya suna nuna ƙarfin magana tsakanin wayar da rautar ɗakin ne kawai, ba su san abin da ke tsakanin rautar da falon Alhaji ba. Na biyu, rautar da ke maimaitawa ta iska da rediyo guda ba ta iya sauraro da magana lokaci ɗaya. Sai ta ji, sannan ta faɗa, kamar tafinta a gaban sarki. Don haka gudun yakan ragu zuwa wajen rabi, kuma tana tare hanyar da sauran mutanen gida ke bi.

Yadda ake yi, daki-daki

Na farko, kada ka sayi komai sai ka auna. Akwai manhajar Speedtest, akwai kuma shafin fast.com, duka kyauta ne. Ka roƙi mutanen gida su kashe waifai na minti biyar, ka tsaya dab da rauta ka auna, sannan ka je ɗakin da ake kuka ka sake aunawa. Ka yi da safe, ka yi da daddare, domin da daddare duk unguwa na kan turken kamfani ɗaya. Adadin da zai fito shi ne megabit a daƙiƙa. In a gaban rauta ma adadin ƙarami ne, ciwonka na shigowa ne. In a gaban rauta da kyau amma a ƙurya ya faɗi, to kai ne mai bukatar rauta ta biyu. A gidanmu mun samu 11 a falon Alhaji, a ɗakin Hajiya kuwa ko 1 bai cika ba.

Na biyu, ka fara da maganin da ba ya cin ko fesuwa, wato sauya wa rauta ta farko mazauni. A fito da ita daga kabad, a ɗaga ta sama da kan mutum, a nisanta ta da talabijin da firji. In mai SIM ce, a kai ta kusa da taga, a gwada taga daban-daban har a dace da wadda ke fuskantar turken kamfani. Wannan ne kaɗai a cikin duk abin da za mu faɗa yake iya ƙara abin da ke shigowa. Da kafinta ya buga mana ɗan katako a saman tagar Alhaji muka ɗora ta, 11 ɗin nan ta koma 24. Ka ga ke nan ƙa'idar ita ce: rauta ta farko a ajiye ta inda take jin kamfani, ta biyu a ajiye ta inda mutane suke.

Na uku, ka juya bayan rautarka ka duba ko tana da ramin da aka rubuta LAN a ƙarƙashinsa. Nan ne bakin bututu. 'Yan ƙananan nan na aljihu da ake kira MiFi yawancinsu ba su da shi, don haka ba sa yin wannan aiki. Ita rauta ta biyu ba ta bukatar SIM, ba kuma dole sai sabuwa ba. Tsohuwa da ke kwance a akwati ma takan yi, in an danna ɗan maɓallin nan na cikin rami da tsinke na kamar daƙiƙa 10 don ta manta saitin da. Sai dai a lura, ramukan wasu tsofaffin ba sa wuce megabit 100. Ga mai SIM irinmu wannan ya isa, amma wanda ya ja faiba mai ƙarfi ya nemi mai ramin 1000.

Na huɗu, kebul, wanda shi ne bututun kansa. Ka nemi wanda aka rubuta Cat5e ko Cat6 a jikinsa. Ƙa'idarsa kada tsawonsa ya wuce mita 100 daga rauta zuwa rauta, kuma da wuya a sami gidan zango da zai kai haka. Mu mita 40 ta ishe mu. Ka tambayi mai shago ko na jan ƙarfe zalla ne, domin akwai na sanholo da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, mai araha, mai saurin karyewa, kuma araha ba ta ado. A bi da shi ta ƙarƙashin rufi, inda zai fita waje a zura shi cikin bututun roba saboda rana da ruwa da ɓera. Kada a ɗaure shi tare da wayar wutar lantarki. Kuma duk mun san irin tsawar Kumasi da damina: in hadari ya haɗo da walƙiya, a zare kebul ɗin da wuta, rigakafi ya fi magani.

Na biyar, saiti, kuma nan ne mutane ke tsorata alhali ba wuya. Kafin ka haɗa su, ka kunna rauta ta biyu ita kaɗai, ka shiga waifai ɗinta da waya ko kwamfuta. A ƙarƙashinta akwai takarda mai adireshi na lambobi, irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, tare da sunan shiga da kalmar sirri. Ka rubuta adireshin a burauza. In ka ga wurin da aka rubuta Access Point a cikin jerin yanayin aikinta, ka zaɓe shi, ka bi abin da ta ce, ka huta. In babu, sai ka yi abu biyu da hannu. Ka sauya mata adireshi ya zama 'yar gidan ta farko amma lambar ƙarshe daban: alal misali in ta farko 192.168.8.1 ce, kamar yadda yake a yawancin na Huawei, ta biyu ta zama 192.168.8.2. Sannan ka kashe abin da aka rubuta DHCP. Shi DHCP shi ne mai raba wa kowace waya lambar zama. In rauta biyu suna rabawa, kamar malamai biyu ne ke ba yara lambar kujera a ɗakin jarrabawa ɗaya, sai ka ga yara biyu a kujera guda. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Bayan haka ka soka kebul daga ramin LAN na ta farko zuwa ramin LAN na ta biyu, ka bar wanda aka rubuta WAN a banza.

Na shida, tasha da suna. Kamar yadda Zuria FM ba ta zama kan lamba ɗaya da wata tashar, haka rauta biyu ba a barinsu kan layi ɗaya. A zangon 2.4 layuka uku ne ba sa taka juna: 1 da 6 da 11. In ta farko tana kan 1, ta biyu a kai ta 6 ko 11. Suna kuwa, in ka ba su suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, waya za ta riƙa zaɓa da kanta, ko da yake wani lokaci takan maƙale wa ta nesa sai an kashe an kunna. Mu mun ba su suna daban, ɗaya Zaure ɗaya Ƙurya, don dattawa su san wadda suke kai. Kulle kuma ya zama WPA2 ko WPA3, ban da tsohon nan WEP da aka daɗe da fasa shi. A kuma sauya kalmar sirrin shiga saitin rautar, kada a bar wadda ta zo da ita daga kanti, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na bakwai, wuta. Mu da muka sha dumso ba sai an tuna mana ba. In wuta ta ɗauke a falon Alhaji, ta ƙurya ko tana kunne ba ta da amfani, don haka in za a sayi ɗan batirin ajiya na rauta, a fara da ta farko. Cin wutarta kaɗan ne: rauta mai wat 10 in ta kwana ta wuni wata guda, yunit 7 da ɗan kai take ci. Amma kaɗan ɗin nan ma a kan mitar wani yake hawa, don haka a sa shi cikin lissafi. Mu mun rage wa Alhaji da Hajiya wani abu daga kasonsu saboda haka.

Wani zai ce mai gidansa ba ya yarda a huda masa bango. To in dole sai ta iska, a ajiye mai maimaitawar a tsakiyar hanya, inda sigina take da sauran ƙarfi, ba a ɗakin da ta mutu ba. Mai hali yana iya sayen irin da ake kira mesh, wato rautoci biyu ko uku da aka ƙera don su yi aiki tare. Sun fi sauƙin saiti, sun fi tsada, kuma su ma bangon siminti ba ya ɗaga musu ƙafa. Akwai kuma na'urar da ke bi da intanet ta cikin wayar wutar gida, amma a gidan da kowane ɗaki da mitarsa, da wuya ta yi aiki. In ana iya jan kebul, kebul shi ne gaskiya.

Bayan an gyara famfo

Da ɗalibinmu ya gama, aka auna a ɗakin Hajiya, aka samu 22. Yarinya ta buɗe darasi ya tafi sumul. Hajiya ta kawo masa ƙosai cike da kwano, ta ce, "Ɗana, Allah Ya yi maka albarka." Muka ɗauka magana ta ƙare. Ashe yanzu aka fara. Datar da a da take kai mu ƙarshen wata, ran 19 ga wata ta ƙare ƙaf. Dalili a fili yake: da rabin gida ne ke sha, yanzu kowa na sha, bututu kuwa yana nan yadda yake. Wato ashe daɗin da mu na gaba muke ji a da, da rabon na baya muke jinsa. Lissafin ba ya bukatar allo. Megabit 24 in waya 12 suka hau lokaci ɗaya, kowa 2 zai samu. Fim kuwa shi ne babban mashayi. Kamfanin Netflix da kansa ya ce awa ɗaya takan kai gigabait 1 a hoto matsakaici, har zuwa 3 a hoto mai kyau.

Sai aka sake zama, wannan karon ba don na'ura ba, don mu kanmu. Muka amince da abu huɗu. Daga ƙarfe 7 zuwa 10 na dare lokacin masu karatu ne, ban da sauke fim. Mai son fim ko ƙwallo ya rage kyan hoto, ko ya sauke bayan an kwanta. Kaso ya koma bisa yawan wayoyin ɗaki, ba bisa ƙofa ba, domin ba adalci ba ne mai waya biyu ya biya daidai da mai waya bakwai. Kalmar sirri kuma ana sauya ta duk wata, ba a ba na waje, sai baƙo da za a buɗe masa layin baƙi in rautar tana da shi. Wannan na ƙarshe ba rowa ba ce. SIM ɗin da ke cikin rautar da Ghana Card ɗin mutum ɗaya aka yi masa rajista. In wani ɗan sakawa ya zauna bayan katanga ya yi ɓarna da layinka, ƙofar mai sunan za a fara ƙwanƙwasawa, kuma ƙasar nan tana da dokar tsaron intanet tun 2020. Haka nan yana da kyau a karanta sharuɗɗan kamfani kafin a fara karɓar kuɗin maƙwabta na wani gida, don haɗa kuɗi a gida ɗaya daban, sayarwa daban.

Akwai kuma ranar da ba rautar da za ta cece ka. Ran 14 ga Maris na 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, wato SAT-3 da WACS da ACE da MainOne, suka samu matsala, intanet ta durƙushe a Ghana da maƙwabtanta, har hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ta ce gyara zai ɗauki aƙalla mako biyar. A ranar wani saurayi a gidanmu ya kama rautar ƙurya zai danna mata tsinke ya goge saitin duka. Hajiya ce ta tare shi, ta ce, "Kai, bar ta. Ba famfo ba ne, daga Barekese ne." Muka yi dariya, amma a zuci muka ce darasi ya shiga.

In mutum ya tuna daga inda aka fito, sai ya gode. A 1995 ne Ghana ta samu cikakkiyar hanyar intanet ta hannun kamfanin NCS na Dokta Nii Quaynor a Ankara, babban birninmu, tana cikin na farko-farko a Afirka ta Yamma. Mu da muka yi kwalejin horon malamai a farkon shekarun 2000 mun tuna layin kafe, ana biyan minti talatin, rabin lokacin ya tafi wajen jiran shafi ɗaya ya buɗe ta layin tarho mai kilobit 56. MTN ta kawo 4G a 2016, Vodafone ta koma Telecel a 2024, a shekarar kuma aka ba Starlink izinin aiki a ƙasar nan. Bututu yana ta ƙara faɗi. Amma ko yaya ya kai faɗi, a bakin ƙofa yake tsayawa. Daga zaure zuwa ƙurya aikinmu ne, ba na gwamnati ba, ba na kamfani ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka hau tirotiro zuwa Adum da kuɗin jama'a a aljihu, ka auna tukuna. In ciwon na shigowa ne, ka sauya wa rauta mazauni, ko ka sauya tsarin da kake saye, ko ka gwada SIM ɗin wani kamfani. In na isa ne, ka sayi kebul kafin ka sayi rauta. In kuma kai ne mai riƙe littafin kuɗi a gidanku, yau ɗin nan ka ɗauki wayarka ka je ɗakin ƙarshe ka yi sallama ka auna, kada ka jira sai an zo maka da magana bayan isha'i kamar yadda aka zo mana. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma ba kowane mai ɗaki ne ke iya faɗa ba.

Ita kuwa 'yar Hajiya ta rubuta jarrabawarta. Ba za mu ce rauta ce ta yi mata karatun ba, don karatu da kai ake yinsa. Abin da muka sani shi ne tun daga ranar ba a sake ganinta a zaure cikin dare ba, kuma bakin masu magana ya mutu.

Mai tambaya a kan wannan, ko wanda ya gwada ya ga wani abu daban a gidansu, ya aiko ta hannun edita, za mu duba.